Ko Mushe Ma Ana Jeme Fatarsa: Ina Makomar Tsofaffin Motocin Da Gwamnatoci Ke Karɓa?

'Yan uwana matasa masu leƙo wannan zaure, kwana biyu kun ji ni shiru. Jarrabawar ɗalibai da aikin gona ne suka haɗu suka riƙe ni. Allah Ya sa na same ku lafiya.

Bayan haka, abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau tambaya ce da wani ɗalibina na ajin manya ya yi mini. Yaron yana koyon kanikanci da safe, da yamma kuma ya zo Islamiyya, sau da yawa da sauran baƙin mai a farcensa. Ranar nan bayan an tashi sai ya tsaya, ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Malam, don Allah dubi wannan." Hoton bidiyo ne na wani gareji a Amurka. An tayar da wata mota mai kyawun gani, wadda in a nan Babban Mutum take sai an yi layi ana taya mai ita murna, aka taka mata totur, ta yi ta kuka tana hayaƙi har injin ya shaƙe ya mutu, mutanen da ke wurin kuwa suna ta dariya. Ya ce, "Malam, da gangan fa suka kashe ta. Wannan ba almubazzaranci ba ne?" Na ce masa ya ba ni kwana biyu in bincika, domin malaminmu ya hore mu da cewa kada mu yanke hukunci a kan abin da ba mu san surarsa ba.

Ga abin da ya faru. A shekarar 2009, lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe, kamfanonin ƙera motoci suka rasa masu saye, gwamnatin Amurka ta fito da wani shiri: ka kawo tsohuwar motarka mai shan mai, a rage maka dala 3,500 ko 4,500 daga kuɗin sabuwa marar sha sosai. An ware wa shirin dala biliyan 3, kuma tsakanin watan Yuli da na Agusta kuɗin suka ƙare, bayan an karɓi motoci sama da 670,000. To, mai karatu, lura da sharaɗin da ya fi ɗaure mini kai: ba a karɓar matacciyar mota. Dole ne ta kasance tana tafiya da ƙafarta, tana da inshora, kuma ba ta kai shekara 25 ba. Wato lafiyayyu ake nema. Da zarar an karɓa, doka ta wajabta wa dillalin ya tsiyaye baƙin man injin, ya zuba kamar lita biyu na wani ruwan sinadari da ake kira sodiyam siliket a madadinsa, sannan ya tayar da motar. Idan injin ya ɗau zafi sai ruwan ya ƙafe, sinadarin ya daskare kamar gilashi a cikin hanyoyin mai, ƙarfe ya ciji ƙarfe, shi ke nan injin ya tashi aiki har abada. Daga nan sai a kai gangar jikin wurin masu gwangwan, a ba su wa'adi su cire abin da za su iya sayarwa, kamar ƙofofi da fitilu da kujeru, sauran kuma a matse shi ko a daddatsa shi a narka.

A wannan shekarar dai Jamus ta yi nata, inda ta riƙa ba da yuro 2,500 ga wanda ya kawo motar da ta kai shekara 9, ta kashe yuro biliyan 5 a kan motoci kusan miliyan 2. Birtaniya ma ta yi, fam 2,000 a kan motar da ta haura shekara 10, rabi daga gwamnati rabi daga kamfani. Dalilan da suka bayar biyu ne: a ceto masana'antu da ayyukan ma'aikatansu, kuma a rage hayaƙin da ke gurɓata iska. Hikimar kashe injin kuwa ita ce kada motar ta zagaya ta bayan gida ta dawo kan titi, gwamnati ta yi biyan banza.

Ba tsoron banza suka ji ba. A Jamus, inda takardar shaida kawai ake nema cewa an murƙushe motar, ƙungiyar jami'an binciken laifuka ta ƙasar ta ƙiyasta cewa motoci da za su kai 50,000 sun sulale, aka yi da su Gabashin Turai da Afirka. A takarda sun mutu, an karɓi kuɗin ta'aziyyarsu, alhali suna cikin jirgin ruwa. Da na karanta wannan sai da na yi murmushi, na ce wa ya sani, ko wata Golf ɗin da ke jigila tsakanin Daura da Baure tana cikin waɗanda aka yi wa jana'iza a Hambog shekara goma sha da suka wuce.

Ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Wasu masana tattalin arziki biyu, Atif Mian da Amir Sufi, sun bi diddigin shirin na Amurka gari-gari, suka gano cewa cinikin motoci ya ɗaga ƙwarai a watanni biyun nan, amma kafin shekara ta zagayo ya faɗi da kusan gwargwadon yadda ya ɗaga. Ma'ana, akasarin waɗanda suka amfana mutane ne da dama can suna da niyyar sayen mota, sai suka gaggauto don su ci rangwame. Shi kuwa talakan da ba ya iya sayen sabuwa ko da rangwamen, wanda a kasuwar tsofaffi yake neman tasa, an rage masa abin da zai zaɓa, an kuma narke injunan da zai iya saye ya gyara ta hannunsa.

To, mu dawo kan tambayar ɗalibina. Sanannen abu ne cewa Musulunci ya hana tozarta dukiya. Ya tabbata a hadisin Mugira ɗan Shu'uba (RA), a wurin Bukhari da Muslim, cewa lalata dukiya na cikin abubuwa uku da Allah Ya ƙi mana, kuma a Suratul Isra'i an haɗa masu almubazzaranci zumunta da shaiɗanu. Haka nan dukiya na cikin abubuwa biyar da malaman usulu suka ce shari'a ta zo ne don ta tsare su. Amma nassin da ya fi tsaya mini a rai a wannan mas'ala shi ne labarin tunkiyar nan da aka ba wata baiwar Uwar Muminai Maimuna (RA) sadaka, ta mutu, aka yar. Manzon Allah (SAW) ya wuce ya gan ta, ya tambaye su me ya hana su cire fatar su jeme su amfana da ita. Suka ce ai mushe ce, ya bayyana musu cewa cinta ne aka haramta. Na san masu karatun Risala za su tuna mini cewa a mazhabarmu ta Malikiyya akwai iyaka ga amfani da irin wannan fata, ba a salla a kanta, ba a kuma sayar da ita. Haka ne, ba na ja. Abin da nake nufi shi ne tarbiyyar da ke cikin tambayar: dabbar da ta riga ta mutu ma an so a duba abin da ya saura a jikinta na amfani kafin a jefar. To ina ga abin hawan da ke tafiya, a ɗura masa guba da gangan?

Sai dai adalci ya sa in faɗi ɗaya ɓangaren. Ba kowace lalatawa ce ɓarna ba. A Suratul Kahfi, bawan Allah Halliru ya huda jirgin miskinai, Annabi Musa (AS) ya ga abin a matsayin ta'asa, ashe hudawar ce za ta kuɓutar da jirgin daga azzalumin sarki. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) ya zubar da madarar da aka surka da ruwa don horon mai ita. Kuma ƙa'idar nan da muke karantar da yara a hadisi na 32 cikin Arba'una ta hana cutarwa kowace iri ce. Saboda haka idan mota ta zama annoba, hayaƙinta na cutar da ƙirjin jama'a, ko birkinta na barazana ga rayuka, shugaba na da ikon ya raba ta da titi, kuma rai na gaba da dukiya. Amma a duba da kyau: Halliru aibata jirgin ya yi, bai nutsar da shi ba, kuma don amfanin matalautan da suka mallake shi ya yi, ba don masu sassaƙa jirage su samu ciniki ba. Game da madarar nan kuma, an ruwaito daga Imamu Malik cewa ya fi son a yi sadaka da ita a kan a zubar. Mai algus ya ji a jikinsa, miskini kuma ya sha. A ganina, Allah ne mafi sani, nan ne ma'aunin yake: a tambaya shin cutar ba ta gusuwa sai da lalatawar, kuma wa zai amfana. Shirin da ya ƙi karɓar rubabbiyar mota ya ce sai mai lafiya, ya nuna cewa hankalinsa ya fi karkata ga kasuwar sababbi. Su kansu Turawan sun nuna akwai wata hanya, domin a shekarar 2024 hukumar birnin Landan ta yarda motocin da ake karɓa a irin wannan shiri nata a riƙa kyautar da su ga ƙasar Yukiren maimakon a murƙushe.

Wani zai ce, Malam, ina ruwanmu da abin da ya faru a Amurka tun 2009? Ruwanmu ya yi tsaki ma kuwa, domin mu ne ƙarshen hanyar. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya ce daga 2015 zuwa 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo. A wannan shekarar ce kuma masu binciken gwamnatin Holan suka duba motocin da ake lodawa daga tashoshinsu zuwa Afirka ta Yamma, suka tarar yawancinsu sun kai shekara 16 zuwa 20, ba su da takardar shaidar lafiya, wasu ma an cire musu abin tace hayaƙin da ke cikin salansa saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa. Su ne muke kira 'yan Kwatano ko Beljiyam, mu wanke, mu yi walima. Mu da ke bakin iyaka, muna kallon hanyar Magarya, mun fi kowa sanin yadda suke shigowa, da yadda harkar ta sauya tun da gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017. Kowace doka aka yi a can game da tsohuwar mota, a kashe ta ko a sake ta, sai ta taɓa farashin abin da direban garinmu zai saya.

Kuma a wurinmu mota ba ta mutuwa lokaci guda. Ku dubi Fijo 504, wadda aka fara harhaɗa irinta a Kaduna tun da aka buɗe kamfanin a 1975. Takan fara a hannun ma'aikaci, ta koma tasha tana Kano da Daura, in ta gaji ta koma hanyoyin ƙauye ranar kasuwa, buhunan gero a sama, awaki a but. Ranar da ta kwanta kuwa, sai rabon gado ya tashi. Injin ya tafi wata motar, ko Ƙofar Ruwa a Kano, inda wani ke nemansa ido rufe. Ƙarfen tayoyin baya ya koma ƙarƙashin amalanke, shanu su ci gaba da ja. Sifirin ya tafi maƙera, ya fito a matsayin gatari da fartanya da wuƙa, kuma kowane manomi ya san ƙarfen sifirin ya fi riƙe kaifi. Alminiyam ɗin jikin injin a narka shi a zuba tukwane da ludaya. Taya ta zama takalmi da igiyar ɗaure kaya, robar cikinta ta zama guga. Kujerar ta koma ƙofar gida, dattawa su samu wurin hira. Abin da ya saura 'yan gwangwan su auna a sikeli, tirela ta kwasa zuwa kamfanonin da ke narkawa su fitar da rodin gini. Duk wanda ya taɓa shiga Fanteka a Kaduna ya ga yadda dubban mutane ke cin abinci daga abin da wasu suka yar. Idan na karanta ayar Suratul Hadid da ke ambaton ƙarfe da amfanoninsa ga mutane, maƙerin unguwarmu nakan tuna. Ba wanda ya ba shi tallafi, ba wanda ya kira taro a otal don a yaba masa.

Amma kada daɗin wannan ya ɗebe mu, domin mu ma muna da namu laifin, kuma ya fi nasu muni ta wata fuskar: su suna kashe mota mai rai, mu kuma muna tilasta wa matacciya tafiya da mutane a ciki. Na taɓa shiga wata motar haya zuwa Kano, ƙofar da ke gefena da igiya aka ɗaure ta, direban kuma sai ya taka birki sau uku kafin ya kama. Da na yi magana sai ya ce, "Malam, ai komai na Allah ne." Na ce masa haka ne, amma Wanda komai yake naSa Shi ne Ya ɗora maka amanar mutum goma da ka ɗauko. Dariya aka yi, aka ci gaba da tafiya, ni ma ban sauka ba, kuma har yau ina ganin ban kyauta ba da na zauna. Wannan ba tattalin dukiya ba ne, kuma ba tawakkali ba ne.

Sai kuma algus. Mota ta yi mummunan haɗari, a miƙe ta, a cike ramukan, a fesa fenti, a mayar da lambar tafiyarta baya, a zuba mai mai kauri don injin ya yi shiru na kwana biyu, sannan a rantse wa mai saye cewa wata hajiya ce ke zuwa unguwa da ita. Mene ne bambancin wannan da mai tsibin abincin nan da Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu a cikin kayansa ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama? Malamanmu sun yi bayani filla-filla cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, kuma mai saye na da haƙƙin mayarwa. Yadda muke jin haushin Baturen da ya cire abin tace hayaƙi ya turo mana gangar, haka ya kamata mu ji haushin dillalin da ke sahu ɗaya da mu a masallaci.

Akwai kuma cutar da ba a gani da ido. Batirin mota cike yake da dalma da ruwan asid. A tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka mutu a wata unguwa da ke gefen Dakar ta ƙasar Senegal, inda jama'a ke fasa tsofaffin batura suna tara dalmar don sayarwa. Ƙurar ta shiga ƙasar da yaran ke wasa a kai. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake ta can daga haƙar zinariya ta fito, bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Amma har gobe za ka ga an fasa batir da gatari a bayan gida, an tuttular da ruwan a ƙasa, ko an zubar da baƙin mai a kwata, ko an cinna wa wayoyi wuta don a fitar da jan ƙarfe, yara na tsaye cikin hayaƙin. Yaran nan da ke yawo da buhu da maganaɗisu suna jari-bola, wasunsu sunayensu na cikin rajistata, kuma kujerunsu ne nake gani babu kowa.

Ina faɗin duk wannan ne saboda maganar na tafe gare mu. A 2022 gwamnatin Legas ta murƙushe babura sama da 2,000 da ta kama a hannun 'yan acaɓa cikin 'yan kwanaki, kuma kowa ya san 'ya'yan wane yanki ne suka fi yawa a wannan sana'a; can ko sisin kwabo ba a bayar ba, horo ne. A 2025 kuma hukumar kula da ƙera motoci ta ƙasa ta ƙaddamar da ƙa'idoji a kan motocin da suka gama aiki. Ranar da za a ce a kawo tsohuwa a karɓi sabuwa, ina roƙon masu ilimi a cikinku su yi tambayoyi tun kafin a yi layi. Misali mafi kusa da mu shi ne na Masar, wadda ta fara sauya tasi-tasin Alƙahira da suka haura shekara 20 a 2009, aka sauya sama da 40,000. Iskar gari ta amfana, fasinja ya ji daɗi, amma cikon kuɗin bashin banki ne, kuma an sha ganin direbobin suna zanga-zanga saboda nauyin biyan wata-wata. Direban da ke da tsohuwar J5 tasa ta kansa, ba mai binsa ko anini, idan aka karɓe ta aka narka, aka miƙa masa sabuwa da bashi mai ruwa a wuyansa, ni ban ga gatan da aka yi masa ba. An raba shi da halaliyarsa an jefa shi cikin riba, kuma in ya gaza biya ba ta da zai koma wa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da ƙyar irinsa ke haɗa kuɗin cefane, balle na banki.

Abin da zan goyi baya shi ne a fara da gwaji na gaskiya, wanda ba a saye da naira dubu a bakin hanya. Motar da ke gyaruwa a taimaka a gyara ta, ko a mayar da ita mai amfani da gas, tunda gwamnati ta ɗauko wannan hanyar. Wadda ta zama makara kuwa a saye ta a hannun mai ita da farashin da ya yarda, kuɗi a hannu, ba tare da an ɗaure shi da sharaɗin cin bashi ba. Sannan a cire batirin da man da sauran masu guba a wurin da aka tanada, ragowar kuma a sayar wa makanikai da maƙera da 'yan gwangwan a fili, kada a ba wani ɗan kwangila shi kaɗai, kada kuma mu ji irin labarin Jamus, a ce an narka a takarda alhali tana tasha tana lodi. Idan bankunan da ba sa mu'amala da ruwa za su shigo da murabaha ta gaskiya ga mai son sabuwa, madalla.

Da ɗalibin nawa ya dawo na karanta masa abin da na tattara, sai ya yi shiru, can ya ce shi dai injin nan ne ke ba shi tausayi, da an ba maigidansa da ya yi shekara goma yana aiki. Na ce masa gaskiyarsa, sannan na tambaye shi inda suke zubar da ruwan batir a garejinsu. Ya sunkuyar da kai, ya ce a bayan katanga, kusa da inda mai ƙosai ke zama. Mun yi da shi zai yi wa maigidan nasa magana cikin ladabi, in ya ga da nauyi ni zan je da kaina ranar Alhamis, tunda ba karatu. Muna cikin haka lokacin shiga aji ya yi, wani yaro ya ɗauki guntun rodi ya buga ƙararrawar makarantarmu, wadda ba komai ba ce illa ƙarfen wilin wata tsohuwar a-kori-kura da muka rataye a jikin dalbejiya tun shekarar da aka buɗe makarantar.